Mai Tabo Bayan Kunne

Duk mutumin Alelu ya san Iyatu ba ta taɓa kama sunan Waliyyu ba, kuma babu wanda ya ɗauki wannan abin magana. Ɗan fari ne. Uwa mai kunya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama tabarma ɗaya da shi. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa sashenta, ya tashi yana hango mahaifiyarsa ta bayan danga tana wasa da ƙannensa, tana yi musu kirari. Shi kuwa in zancensa ya kama dole, sunansa "wancan". A kai wa wancan tuwo. Wancan ya dawo daga makaranta?

Wancan ɗin yanzu ya haura arba'in, yana aiki a wata ma'aikata a Abuja, furfura ta fara leƙowa ta gefen hula. Ya san al'ada sarai, in ana hira shi ne ma mai kare ta. Amma ta ciki na ciki. Bara da mahaifinsa Malam Alu ya rasu bayan an cire albasa, ya birkice gidan kaf yana neman hoton da suke tare, bai samu ko ɗaya ba. Sai hoton katin zaɓe, inda tsohon ya ɓata rai kamar wanda awaki suka shigar masa gona. Tun ranar Waliyyu ya ƙudura a ransa cewa ba za a maimaita ba. Hoto ɗaya yake so, shi da Inna kafaɗa da kafaɗa, tun tana raye.

Da hutun Mauludi ya faɗo Litinin ya haɗe da Asabar da Lahadi, sai ya ga abin nema ya samu. Ya nemi izinin kwana biyu a wurin aiki, ya tuƙo motarsa har gida ranar Alhamis. Ba shi ya yi mata maganar ba, ina shi ina wannan ƙarfin hali? Ya tura Raihanatu, autarsu da ke aure a Jega, wadda ita kaɗai ke iya zama kan gadon Inna tana cin gyaɗa.

"Mi za ni yi Habuja?" in ji Inna. "Albasa aka shukawa can?"

"Fadila ta ka kiranki, Inna. Ta ce in ba ki taho ba ta bar ƙawance da ke."

Fadila ita ce 'yar Waliyyu, kuma kunyar ɗan fari ba ta sauka kan jika. Inna ta yi tsaki, ta ce yarinyar nan ta raina ta, ta tashi ta fara ɗaure kaya. Aka cusa buhun albasa a bayan mota, don a ganinta ba a shiga gidan mutane hannu rabbana, ko da gidan wancan ne. Daga Jega har Yawuri har Kwantagora, motar da aka fesa wa turare da asuba warin kasuwar Aliero take yi.

Da la'asar sakaliya suka iso Dutsen Zuma. Waliyyu ya faka, ya miƙa wa Raihanatu waya, ya ƙyafta mata ido. Inna ta fito ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallo, ta yi salati. Yana matsowa gefenta, ta duƙa ta ce takalminta ya tsinke. Hoton ya fito da dutse, da Waliyyu yana murmushi, da ƙeyar Inna.

Asabar aka fita gaba ɗaya, har da matarsa Atika. Inna ta zauna a baya tsakanin Fadila da Raihanatu, tana yi wa birnin sharhi ba sassauci. Gidaje masu hawa ba su dame ta ba, ta ce masu su dai ba za su san maƙwabta ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne wani mutum da ta gani a shataletale riƙe da tiyo yana ba ciyawa ruwa.

"Hakin ga na wa na? Bisashe nai suna ina?"

"Ba na dabbobi ba ne, Inna," in ji Fadila. "Na ado ne."

"Ado! Mu muna can muna jan ruwa ga rijiya don albasa, su suna nan suna shayar da haki don a kalla. Lalle duniya da hwaɗi take."

Daga nan suka wuce Masallacin Ƙasa. Ta yi nafila a sashen mata, ta fito idonta jajir, ta ce da Malam ya ga wannan wuri da ya ji daɗi. Waliyyu ya zaro waya a hankali, ta ce wa Atika ita dai ba ta san ana hoto a ɗakin Allah ba. A bakin tafkin Jabi ta ce gulbin Jega ya fi shi kifi, ko ba ta tambaya ba ta sani, sannan da ta ga an saita waya ta ja mayafi ta rufe fuska wai rana. A babban kanti kuwa, gaban benen nan mai tafiya da kansa, ta kafe ta ce ƙafar da Allah ya ba ta ba ta gaza ba. Kowa ya yi dariya har da Waliyyu, amma tasa ba ta kai ciki ba.

Suna komawa mota Fadila ta riƙe masa hannu, ta ja shi baya kaɗan.

"Abba, me ka yi wa Inna? Fushi take da kai?"

"Ba fushi ba ne, kunya ce. Ni ne ɗanta na fari."

"Kunya har ka yi furfura? Ko kallonka fa ba ta yi."

Ya ce mata in ta girma za ta gane. Amma maganar ta soke shi, don yarinyar ta faɗi abin da shi bai taɓa yarda ya faɗa wa kansa ba. Ya tuna ranar da jaki ya kayar da shi a hanyar Aliero yana ƙarami, kansa ya fashe ta bayan kunne. Gidan duka sun zo sannu, ban da ita. Ya daɗe yana kiran abin kunya. Wani lokaci kuma zuciya takan ce masa, wanda ba a kallo dai, ba a kallonsa ne kawai.

Ranar Lahadi ya shirya dabara. Ya ce Atika ta kai Raihanatu kasuwa sayen atamfa, shi kuma zai kai Inna da Fadila wani babban wurin shaƙatawa mai namun daji. Ba Raihanatu, ba wurin laɓewa. Don ɗoki ko karyawa bai tsaya yi ba, ya kurɓi shayi ya aje, ya fita goge mota.

Ranar ta zo da zafi, ganye ko motsi ba ya yi. Wurin kuwa ya cika maƙil, kamar duk Abuja nan ta yi alkawari. Inna ta ga jimina ta ce wannan ai raƙumin kaji ne. Ta ga kura a kwance ta ce ashe tsoron da ake ji duk na wannan ƙazamar ne. A gaban ɗawisu ta tsaya cak, don ya buɗe wutsiya. Fadila ta ja ubanta wajen birai, ayarin 'yan makaranta ya ratsa tsakaninsu, da ya waiwaya babu Inna.

Ya koma wajen ɗawisu, ba ta nan. Ya kira wayarta, Raihanatu ta ɗauka daga kasuwa, don a jakarta wayar take kwana tun ranar da aka saye ta. Tsohuwar da ba ta jin Turanci, ba ta san sunan unguwarsa ba, ya ɗauko ta daga ɗakinta ya kawo ta nan saboda hoto! Ya riƙe Fadila gam suka bi layi-layi har can ƙarshen wurin, yana leƙa fuskar duk mai shuɗin mayafi.

Suna can lasifikar da ke kan sanduna ta yi ƙara. Muryar wata budurwa ce, ta yi Turanci, sannan ta juya Hausa.

"Sanarwa. Akwai wata baiwar Allah daga Alelu ta jihar Kebbi a ofishinmu na bakin ƙofa. Baban Fadila ya zo, don Allah."

Waliyyu ya yi hamdala, suka juya. Tafiyar da nisa, ga cunkoso. Ba su yi rabi ba lasifikar ta sake buɗewa, kuma da alama wannan karon budurwar ta manta ba ta kashe ba.

"Mama, ga wani baban Fadila ya zo kin ce ba shi ba ne. Fadila da yawa a garin nan. Ki faɗa mini sunansa kawai."

"Ke ɗiyag ga!" Muryar Inna ta cika wurin tun daga kejin kura har bakin titi. "Gidanku ba a koya miki kunya ba? Ɗan hwari na."

Mutane suka fara dariya, masu jin Hausa suna fassara wa marasa ji. Inna ba ta san ƙarfen da ke kan tebur yana kwashe magana ba.

"To yaya kamanninsa, ko ma'aikatanmu su duba?"

"Dogo na, ba can ba. Shina da tabo bayan kunnen hagu. Jaki yak kada shi hanyar Aliero shina ƙarami. Ban runtsa ba sai da ciwon yaƙ ƙame. Ni nika daka maganin in ba kakatai ta sa mishi, in koma bayan danga in ji ko ya bar kuka."

Waliyyu ya tsaya. Fadila ta ja hannunsa, bai motsa ba.

"In shina tahiya ƙahwar dama na karkata waje, irin ta ubanai. In shina dariyar da ba ta kai mishi ciki ba, ido guda ka ƙanƙancewa, jiya ma ya yi ta. In hankalinai yat tashi kau, hula shika cirewa shi yi ta murza. Yanzu haka tana hannunai."

Ya dubi hannunsa. Hular tana nan a cukuikuye, bai san lokacin da ya cire ta ba.

"Kuma ku hanzarta, don yau bai karya ba. Shayi kaɗai yak kurɓa yab bari."

"Mama, duk wannan, sunan dai ba za ki faɗa ba?"

"Sunan shina nan, ɗiyata. Ba ga baki nika aje shi ba."

Dariyar mutane ta lafa. Wani dattijo da ke kusa ya dubi hular, ya dubi bayan kunnen Waliyyu, ya matsa ya ba shi hanya. Waliyyu ya ji hawaye sun zubo masa, bai kuma ji kunyarsu ba. Daɗi da nadama suka haɗu suka cika masa ƙirji. Ashe duk shekarun nan da yake hango ta ta bayan danga, ita ma ta nan take hango shi.

Ya share fuska kafin su shiga ofishin. Budurwar, wadda aka rubuta Iklima a ƙirjin rigarta, ta lura da lasifikar a lokacin, ta kashe da sauri ta dafe baki. Ya girgiza mata kai a hankali, ta gane. Fadila ta buɗe baki za ta ce "Inna, ai kowa ya ji", ya matse mata yatsu ta haɗiye. In tsohuwar nan ta san Abuja ta ji ta, ba za ta ƙara taka garin ba har abada.

Inna na ganinsa ta juya fuska ga bango.

"Ƙawata, ina kunka shige? Ce ma wancan shi sa hulatai, rana na dukan kai."

Ya sa hular. Suka fito suka sami benci a ƙarƙashin wata bishiya. Inna ta zauna, ta kwance bakin zanenta ta fiddo dakuwa a leda, wadda ta taho da ita tun daga Alelu, ta miƙa wa Fadila ta ce a ba wancan. Bai hau bencin ba. Ya tsuguna a ƙasa kusa da ƙafafunta, kamar yadda ɗa ke yi gaban mahaifiya, ya ba ta baya kaɗan don kar ya takura ta, yana cin dakuwar. Zancen hoto ya fita daga ransa gaba ɗaya. Fadila ce, da wayar ke hannunta tun da ya gama magana da Raihanatu, ta ja baya ta danna ba wanda ya sa ta.

Litinin da safe ya kai Inna da Raihanatu tasha suka hau motar Jega. Inna ta yi wa Atika godiya, ta yi wa Fadila tsiya, ta ce a gaya wa wancan Allah shi yi albarka. Buhun albasar ya kai su Waliyyu wata biyu ana rabon maƙwabta.

Hoton yana rataye a falonsa yanzu. Baƙi kan ce mai ɗaukar bai iya ba, don tsohuwar ta kau da kai tana kallon wani wuri, shi kuma yana ƙasa da leda a hannu. Sai wanda ya matsa kusa yake ganin gefen shuɗin mayafinta kwance a kafaɗarsa. Ranar da aka kawo hoton daga wurin wanki, Waliyyu ya daɗe a gabansa, sannan ya ce wa Atika, don kare mutuncin Inna, iska ce ta ɗauko mayafin ta aza masa.

Fadila ta ɗago daga aikin makarantarta.

"Abba, ai ranar babu iska."