Ɗinkin Hammata

Saura minti goma a tashi daga gwajin ɗaukar tela, Auta ta hango ɗinki ya karkace a cikin hammatar rigar da take haɗawa. Su biyar ke neman gurbin keken ɗinki ɗaya a shagon, sauran har sun fara guga.

"Ke, share kawai," in ji ta kusa da ita. "Wa zai leƙa hammata?"

Auta ta ciji leɓe, ta ɗauki reza ta hau farkewa. Tana gama mayar da ɗinkin tsoho mai shagon ya buga tebur, alamar lokaci ya cika. Rigarta ko maɓalli babu.

Tsohon bai kalli gaban riga ko ɗaya ba. Kowace ya ɗauka sai ya juya cikinta waje, ya bi ɗinkin da yatsa, ya ture gefe. A kan tata ya tsayar da yatsa a sawun farkewar da ke hammatar.

"Ba ki gama ba."

"Ban gama ba, Baba."

Ya turo mata gwangwanin maɓallai. "Sauri a wata guda zan koya miki. Jin kunyar aikin da ba mai gani kuwa, ban taɓa iya koya wa kowa ba. Zauna ki ƙarasa."