Dalma a Ruwan Fanko

Tsohuwar na'urarmu ta gano dalma a ruwa da harshen wuta take aiki, kuma ba ta da sa ido. Sabuwar ba ta da wuta ko kaɗan. Ɗigo ɗaya ake zuba mata a wani ɗan bututu baƙi da bai kai guntun fensir ba, lantarki ya gasa shi har ɗigon ya zama tururi, sannan haske ya ratsa ta ciki. In da dalma, sai ta shanye wani ɓangare na hasken, lamba ta fito a allo. Ɗan abin da tsohuwar take wucewa, wannan sai ta tona.

Kafin kowane awo, tataccen ruwa muke fara ba ta, wanda babu komai a cikinsa. Fanko muke ce masa. Dole ya nuna sifili. Sati uku yana nunawa yau, gobe ya ƙi, kwalaben ruwan rijiyoyin da aka kawo awo suna jere a firji.

Dakta, shugaban ɗakin awonmu, ya ce laifin wanki ne. Mai wanke kofunan awo kuwa mutum ɗaya ne, dattijon da muke kira Kawu, shekara ashirin da biyu a bakin famfo ɗaya. Dakta ya rubuta takardar sallamarsa, ya ce ranar Alhamis zai sa hannu.

"Kawu, ko ka canza sabulu?" na tambaye shi.

"'Yata, sabulu bai taɓa ganin kofunan nan ba. Su kwana a asid, ɗauraya uku. Ko matata ba ta samun wannan hidima."

Na koma littafin aiki. Ranakun da fanko ya nuna sifili huɗu ne, duka kuma Dakta yana wajen taro. In yana nan, shi yake jera kofuna a faranti da kansa, babu safar hannu, don ya nuna mana yadda ake yi. In lissafi ya cushe masa, sai ya shafa kai. Ya haura sittin, gashinsa baƙi wuluk.

Ranar Laraba na ɗebo kofi biyu daga wanki ɗaya. Ɗaya na ɗauka da safar hannu, ɗayan na miƙa wa Dakta ya ajiye, na auna fanko a kowanne. Da lambobin suka fito na bi shi ofis, na rufe ƙofa.

"Yallaɓai, nawa sifili. Naka sha huɗu."

"Wato ƙazami ne ni."

"A'a. Akwai rinin gashin da ake haɗawa da dalma. A shafa kai, ta bi yatsu."

"Wa ya ce miki ina rini? Mu gidanmu ba a furfura. Kakana ya kai casa'in, kansa kamar hankaka."

"Allah ya jiƙansa. A ba ni silin gashi uku in narka a asid, kafin azahar mun huta."

Ya ɗaga hannu zai shafa kai, ya fasa. Ya daɗe yana kallon tafinsa.

"Wa kika gaya wa?"

"Babu."

"Me za ki rubuta?"

"Gurɓata daga hannu. Ba sai na ce hannun wa ba. Amma in takardar Kawu ta fita, na sama za su nemi dalili a wajena, ni kuma duka lambobin zan ba su, da ranakun."

"Barazana ce?"

"Tsarin rahoto ne, Yallaɓai. Kai ka tsara shi."

Na fito.

Alhamis da safe muka tarar da sanarwa a ƙofa: daga yau ba mai shiga ɗakin na'ura sai da hula da safar hannu, kowa da kowa. Dakta ya shigo da hular har bisa gira, ya tsaya nesa da faranti, hannu a baya. Fanko ya nuna sifili. Na maimaita, sifili. Ya ce a fito da kwalaben firji. Da zai fita ya tsaya a bayan Kawu.

"Maganar takardar nan, an ɗage."

"Zuwa yaushe, Yallaɓai?"

"An ɗage dai."

Bayan ya tafi, Kawu ya rage famfo.

"Rinin ne ko?"

"Ka sani?"

"Duk Litinin ni nake goge baƙin daga kwamin wanke hannu na ofishinsa. Shekara shida ke nan. Ban dai san yana da dalma ba."

"Da ka faɗa min tun farko."

"Furfurar mutum ba abin kai ƙara ba ce, 'yata." Ya ƙara ruwan. "Kofi nawa za ki buƙata yau?"

"Arba'in."

"To matsa min, kin tare haske."