Yaren da Suka Binne da Ransa

Tela yana kan keken ɗinki ya ji labarin a rediyo. Wai Cibiyar Nazarin Al'ummomi ta Ƙasa ta tabbatar yaren kakanninsa ya mutu, tunda mijin gwaggonsa, mutum na ƙarshe da ya iya shi, ya rasu. Don haushi sai da ya karya allura. To Gwaggo da take yi masa faɗa da yaren kullum safiya fa, aljana ce?

Washegari ya ɗauko ta, suka hau bene hawa uku tana haki, har ofishin mai binciken yaren a Cibiyar.

"Malam, sau bakwai kuna zuwa gidan Gwaggo," in ji tela. "Kun auna tsohon, kun ɗebi jininsa, kun naɗi muryarsa. In ya kakare, wa ke jefo masa kalma daga bayan labule?"

Mai binciken ya gyara tabarau. "Ai takardar tambayoyinmu maigida ta ce a tambaya."

"Maigida! Rabin abin da ya gaya muku a bakinta ya tsinta!"

Gwaggo ta dubi hoton mijinta a bango, sannan ta juyo ta wanke mutumin tas da yaren, ko numfashi ba ta ja ba. Nan da nan mai binciken ya lalubo rikoda.

"Mama, don Allah ki maimaita!"

Ta gyara mayafi, ta amsa da harshen da yake ji: "Ɗan nan, ai kun riga kun binne mu. Ka taɓa jin gawa ta maimaita magana?"