Aron Cinyar Hajiya

A gidan Malam Nata'ala da ke Yakasai, kowa ya san cinyar Hajiya Mabruka tana da mai ita. Jikarta Sa'ida, 'yar shekara huɗu, ita ta mallake ta. Ko jaririn baƙuwa aka miƙa wa tsohuwar don ta sa masa albarka, sai yarinyar ta taso a guje ta ƙanƙame gwiwoyinta tana ihu, "Hajiyata ce!"

Abin yana ba uwarta Nafisa kunya. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, duk a banza. Hajiya kuwa dariya kawai take yi, ta ce, "Ƙyale min ƙawata, hankali ne bai iso ba tukuna."

Ran nan bayan la'asar naƙuda ta kama maƙwabciyarsu Lauratu. Ana ƙoƙarin sa ta a adaidaita sahu zuwa asibiti, aka turo 'yarta Ikram gidan, ko takalmi babu a ƙafarta. Ikram ba ta kai Sa'ida ba. Tana jin ƙarar tashin adaidaitar ta ɓarke da kuka a tsakar gida.

Nafisa ta miƙa mata alkaki, ta ture. Ta kunna mata katun a waya, ko kallo. Ta durƙusa za ta goya ta, yarinya ta sandare tana kiran Ummanta.

Duk wannan Sa'ida tana kan cinyar kakarta, ta zuba ido. Can sai ta zame ta sauko, ta nufi Ikram. Nafisa ta ɗauka korar ta za ta yi. Sai ta ga ta kamo hannunta.

"Zo ki hau," in ji Sa'ida. "In ta jijjiga ki kukan zai tafi. Ni ma haka take min." Ta juya ga kakarta. "Hajiya, ba ta wannan ƙafar. Waccan tawa ce."

Suka hau su biyu, amma wurin ya yi kaɗan, Ikram sai zamewa take yi. Sa'ida ta ɓata fuska, sannan ta sauka ta zauna a kan tabarma.

"To, hau duka. Amma aro ne fa."

Ta shiga bubbuga bayan Ikram a hankali har shessheƙar ta lafa, barci ya kwashe ta.

Nafisa ta miƙe. Sa'ida 'yar farinta ce, ba ta yabonta a gaban suruka. Kicin ta shige, ta tsaya riƙe da ludayi tana murmushi ita kaɗai, tana leƙen su ta taga.

Dab da magariba Malam Nata'ala ya dawo daga kasuwa, ya rangaɗa sallama.

"Baba, a hankali," in ji Sa'ida. "Baƙuwata tana barci."

Ya dubi wadda ke kan cinyar mahaifiyarsa, ya dubi 'yarsa a ƙasa, ya waiga ga matarsa. Nafisa ta gyaɗa masa kai. Sai ya tuɓe takalmansa ya ƙaraso da sanɗa.

"Ƙafata ta mutu tun ɗazu," Hajiya ta raɗa masa, "amma ba zan motsa ba."

Nan wayarsa ta yi ƙara. Mijin Lauratu ne, an sauka lafiya, namiji.

Sa'ida ta miƙe tsaye. "Kar kowa ya gaya mata. In ta tashi ni zan yi mata albishir."