Namijin Dabinon da Ya Tare Kwando

Ga wata nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso, mu saurare ta.

To, ku matso. Munzali mutumin Dutse ne, kuma shekararsa goma sha ɗaya yana kula da wata gonar dabino a bayan garin Riyad. In na ce gona, kada ku ɗauka 'yan itatuwa ne tsilli-tsilli. Dabino ya fi ɗari biyu, ga magarya, ga lemun tsami, inuwa ta haɗe har sai mutum ya manta cikin hamada yake. Dukansu da hannunsa ya raine su.

Da kafil ɗinsa ya rasu, wato Balaraben da iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, ke hannunsa, sai gonar ta koma wajen ɗansa Nawaf. Shi kuwa Nawaf ya dawo daga karatu a waje da wani wasa. Faifan roba ake wurgawa daga nesa, har ya faɗa cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, wanda ya kai da ƙarancin jifa shi ya ci. Ya sa aka kakkafa kwanduna tara a tsakanin itatuwan. Kowace Alhamis sai ya kwaso abokai, ka ji faifai na dukan kututture, ƙwas, ƙwas! In ya maƙale a sama a ƙwala kira, “Munzali, yalla, maza!” Dattijo da furfurarsa ya ɗaura igiya ya hau ɗauko wa yara abin wasa.

Duk wannan ya shanye. Sai ran nan da safe ya tarar an shafa wa wani dogon dabino jan fenti, wanda ke tsaye daidai gaban kwando na bakwai.

“Ya mudir, wannan fa?” ya tambayi maigidan nasa.

“Sare shi za a yi,” in ji Nawaf. “Shi ke tare min jifa. Kuma tun ina yaro ban taɓa ganin ƙwaya ɗaya a kansa ba.”

“Ai namiji ne! Namiji ba ya 'ya'ya. Furensa nake yankowa, in bi matan ɗaya bayan ɗaya in ɗaura musu. Duk dabinon da kuke ci a gidanku, wannan ne ubansa. Ga shi ma furen ya kusa fashewa.”

Nawaf ya latsa wayarsa, ya ɗago. “An ce ana sayar da garin furen a kasuwa. Halas, shi ke nan.”

“Na wane itace? Mahaifinka maza shida ya gwada kafin ya tsaya a kan wannan. Kwando fa ƙarfe ne, a ɗaga shi taku goma mana.”

“In an ɗaga shi jifan ya lalace. Gobe masu zarto za su zo. In ba ka so, ga hanya.”

Ku ji fa, jama'a. Wai jifa ya lalace!

Da yamma Munzali ya kai kukansa wajen Dabo, direban gidan, wanda suke shan shayi tare in sun haɗu a unguwar Jaradiya. Dabo ya ce, “Malam Munzali, itacen babanka ne? Ka bar masu abinsu. Iƙamarka wata biyu ta rage.”

“Ba na babana ba ne. Amma ni na san ranar da yake jin ƙishi.”

“To, sai ka aure shi.”

Washegari masu zarto su biyu suka iso, suka ɗaga kai, sai ga Munzali can ƙololuwa, ya ɗaure kansa da igiya ya zauna daram.

“Sauko!” in ji Nawaf.

“Ku sare mu tare.”

Nawaf ya yi lallashi, ya yi barazana, har faifai ya wurga masa don haushi, ya maƙale a ganye. Munzali ko gezau. Rana ta take, ƙayar ganyen na sukar sa, leɓensa ya bushe. Aka kira azahar, bai motsa ba. Sai da ya ga inuwa ta miƙe, lokacin salla na neman kuɓuce masa, ga shi ba alwala, sannan ya leƙo.

“Ya mudir, zan sauko in yi salla. Ka yi min alkawari ba mai taɓa shi sai na idar mun yi magana.”

“Sauko, ba komai.”

Ya sauko, ya nufi famfo. Yana cikin wanke fuska ya ji injin zarto ya tashi. Ko salla ba su bari ya tayar ba. Kafin ya rugo, ruwa na ɗiga daga gemunsa, itacen ya riga ya karkata. Da ya faɗi sai da ƙasa ta girgiza, furen da bai gama nuna ba ya tarwatse cikin yashi.

Munzali ya juya. Ya koma ya ƙarasa alwalarsa, ya yi sallarsa, ya shiga ɗaki ya haɗa kayansa.

Wani manomi a garin Kharj ya karɓi iƙamarsa, can yake aiki har yau. Dabo yana nan yana tuƙinsa. Dabinon gonar a shekarar nan rabinsa ya zube tun yana ɗanye. Nawaf kuwa sati shida ya ƙara yana wasansa, zafi ya shigo, ya koma kallon ƙwallo a cikin sanyin ɗaki.