Saura Kwana Goma Sha Ɗaya

Kwana talatin da ɗaya ke nan rabon mijinta da ya tauna wani abu. Likita ta ce hanjinsa ya kumbura har ya yi gyambo: ko dai ya yi sati shida ba ya shan komai sai madarar asibiti, hanjin ya huta, ko kuma a yanke wurin. Matar ce ke dama masa, kofi shida a rana. Ko albasa ta daina soyawa, don kada ƙamshin ya karya masa zuciya.

Da hantsi surukarta ta yi sallama, rungume da kula. Tana ganin ɗanta a kan kujera, wuya ya zama kamar sanda, ta dafe ƙirji.

"Wannan kai ne ko inuwarka? Ke 'yar nan, jariri na ba ki da za ki riƙa ɗura masa madara?"

Ta buɗe kular. Ƙamshin kaza ya cika falon. Matar ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Tun da ta san shi bai taɓa mayar wa mahaifiyarsa da abinci ba, kuma kunya ta hana shi gaya mata ainihin ciwon. Kullum a waya sai ya ce ɗan ciwon ciki ne.

"Loma ɗaya dai, auta. Da hannuna na yi."

Ya miƙa hannu. Matar ta san ba za a tsaya a loma ɗaya ba.

Ta durƙusa, ta riƙe bakin kular.

"Inna, ki yafe mini. Jini yake zubarwa a bayi, sau goma a yini. Ni nake wanke kayan. Sai satin jiya ya tsaya. In ya koma cin abinci yanzu, wuƙa ce ke jiransa."

Ya sunkuyar da kai. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa.

"Ni ka ɓoye wa? Ni da na wanke ka?"

Ta mayar da murfin a hankali, ta danne shi da tafi biyu.

"Saura nawa?"

"Sha ɗaya, Inna."

"Ki kai wa maƙwabta wannan. Ki share mini ɗaki, a nan zan ƙarasa su."