Magidanta Dama, Tuzurai Hagu

A zamanin da muka kafa ƙungiyarmu ta ƙwallo a bayan masaƙar Holdsworth, duk kwarin nan babu wata ƙungiyar da za mu kara da ita. Sai mu raba kanmu duk Asabar, magidanta gefe guda, tuzurai gefe guda. Kafin hutu ƙwallon ƙafa, bayan hutu a rungumi ƙwallo a sheƙa. Shurin ƙwauri kuwa halal ne, wanda bai iya ba ya koma gida ya yi saƙa.

Da matata Keziah ta rasu, na daɗe ban leƙa filin ba. Gidan ya yi min faɗi, shirun ya ishe ni, ran nan na ɗaura takalmi na fita.

Enoch Barraclough, kyaftin ɗinmu, ya daka tsawa yadda ya saba: "Magidanta dama, tuzurai hagu!"

Kowa ya watse, aka bar ni a tsakiya ni kaɗai. Wallahi ban taɓa tunanin wannan ba sai a lokacin. Enoch ya gyara murya ya ce, "Jabez, ɗan'uwa, yau ka zaɓi inda kake so."

Na bi dama, kunnuwana na zafi.

Bayan hutu ƙwallo ta faɗo hannuna. Na sunkuyar da kai na kutsa, ina jiran shuri. Shiru. Tuzuran nan da suka saba farfasa min ƙwauri suka dare kamar ga limamin coci zai wuce. Har Seth Ackroyd, maƙerin da ya taɓa karya min haƙori, ya yi wai santsi ya kwashe shi. Na kai layin cin ƙwallo ko laka babu a wandona, suna ta tafi. Ranar jana'iza ma ban ji kaɗaici irin wannan ba. Ashe ba wasa suke da ni ba, ta'aziyya suke min.

Na dawo na tsaya gaban Seth. "Kai, ragon banza, ƙafar taka aro ce?"

"Haba, Baba Jabez..."

"Babanka yana gida! Ko guduma ta gama tsotse ka ne, shi ya sa ba mai aurenka?"

Idonsa ya yi ja. Da na sake ɗauko ƙwallo, ban yi taku uku ba na ji ƙwaurina ya ce ƙas! Na kife da fuska cikin taɓo, mutum biyar suka danne ni.

"Tashi, tsohon kwano!" in ji Seth. "Ko sai an kawo maka sanda?"

Dariya nake a ƙarƙashinsu, hawaye na bin lakar. Daɗi ya kama ni ƙwarai.

Na ɗingisa zuwa gida da yamma. A bakin ƙofa na tsaya ina kankare lakar takalmina tas, kamar akwai mai yi min faɗa in na shiga da ita. Takalmin ya fita fes tuntuni, ban daina kankarewa ba.